Amsar da Na Aika Granada

Ranar da na sauka Dubai, Yayana ya ɗaga jakata ya dire, ya tambaye ni ko duwatsun Dala na kwaso. Littattafan soyayya ne, na cusa su tsakanin atamfofi. Da su na girma, a cikinsu kuma na koyi yadda ake so: namiji ya furta, mace ta sunkuyar da kai ta bar shi yana zarya, ranar da ta ga ya isa sai ta aiki ƙawarta da amsa.

Yaya aikin kago yake yi a unguwar Deira. 'Yan kasuwa su sayi kaya, shi ya ɗaure ya loda a kwantena zuwa gida. Muna zaune a wani ɗan fulat a saman bene, ni da shi da matarsa da nake kira Anti, rabin falon kuwa kwalayen mutane ne. Ya sa ni a wata ƙaramar makaranta a tsallaken ruwa, inda ake koyar da aikin yankar tikitin jirgi da harkar yawon buɗe ido, don in gama in zauna masa a ofis. Kullum bayan azahar sai in hau abra, kwalekwalen katakon nan da ke tsallakar da mutane, in zauna a gefe ina kallon ruwa ina saƙa abin da zan saƙa.

Mu uku ne masu jin Hausa a ajin. Akwai ƙawata 'yar Damagaram, mai sirka Hausarta da Faransanci, wadda ke zaune wurin kawunta mai sito a unguwar Al Quoz. Ta sha kwana a gidanmu, kwano ɗaya muke ci, Anti har ɗinki take yi mana iri ɗaya. Na ukunmu ɗan Zangon Kumasi ne, dogo, mai yawan dariya, yana aiki a teburin karɓar baƙi na wani otal da safe, da rana ya zo aji da rigar aikinsa. Hajiya yake kirana don tsokana, ni da ko filin jirgin Jidda ban taɓa gani ba.

A kan abra ya yi maganar, wata rana ƙawata ba ta zo ba.

"Hajiya 'yar Kano, ina so in zo in gaida Yaya."

Na san abin da gaisuwar take nufi.  Na ja mayafi na ce zan yi shawara.

"Shawara da wa? Da kifin ruwan nan?"

Ban ba shi amsa ba ranar, ban ba shi ba a watannin da suka biyo. Ina sonsa tun kafin ya buɗe baki, kuma ƙawata ta sani, don ba abin da ban zazzage mata ba. Kawai dai ban so amsata ta fito a tsakanin hayaƙin inji da warin kifi. Ina jiran wurin da ya dace da ita.

Sai ga wurin ya zo da kansa. Malaminmu, wani Balaraben Sham, ya shirya wa ajinmu tafiya ta ƙarshen zango zuwa biranen Sifaniya, mu ga yadda ake zagayawa da baƙi. Matarsa za ta bi mu, shi ya sa Yaya ya yarda. Biza ma ta fito, abin da kowa ya ce mai koren fasfo kada ya sa rai. Tun a Islamiyya nake jin labarin Andalus. Malamin ajin namu ya nuna mana hoton wata jar fada a Granada, da tsakar gida inda zakunan dutse ke ɗauke da kwatarniyar ruwa. Ina ganin hoton na ce a raina, nan ne.

Ana saura kwanaki kaɗan mu tashi Anti ta haihu, tun lokaci bai yi ba. Innarta da za ta zo daga Kano ta yi mata wankan jego, bizarta ba ta fito ba. Yaya ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "To, kin ga yadda Allah ya yi." Ban yi musu ba. Mace ba ta haihuwar fari a ƙasar mutane a bar ta ita kaɗai da tukunyar ruwan zafi.

Ƙawata ta zo sallama ina dama kunun kanwa. Na tura ƙofar kicin, na ce mata ga aike wurin ɗan Zango.

"Kada ki faɗa masa a Madrid. Kada ki faɗa a hanya. Sai kun shiga fadar nan ta Granada, wurin zakunan."

"Ma chérie, ke da littattafanki! Ga waya nan, ki kira shi yanzu ki huta mana."

"Ba haka ake yi ba."

"Bon. Me zan ce?"

"Ki ce na amince. Ya zo ya gaida Yaya."

Ta dafa ƙirji. "Kamar da bakinki kika faɗa, 'yar uwa."

Suka tafi, na zauna da tukwane. Yaya yana samo ganyen darbejiya wurin wani mai lambu, ni kuma in tafasa ruwa a manyan tukwane biyu a kan gas, in kinkima zuwa banɗaki safe da yamma, ga zafin Dubai, ga tururi, har fentin silin ya fara ɓamɓarewa. Anti tana ihu da ganye a hannu, jariri yana nasa a ɗaki. Ni dai jikina ne a wurin. Na liƙa taswirar da Malam ya raba mana a bayan ƙofar kicin, ina bin su da yatsa. Ranar da lissafina ya ce suna Granada na yi kwalliya, na sa turare, na zauna ina yanka albasa ina murmushi. Anti ta ce ko ni ma tururin ya taɓa ni ne.

Da suka dawo ƙawata ta zo barka da tsaraba: mafici mai zane na Anti, ɗan takalmi na jariri, ni kuma faranti mai shuɗin ado. Ta zauna a bakin gado ta buɗe labari, Anti tana ta tafa hannu.

"Anti, mutanen nan cinyar alade suke ratayawa a shago kamar yadda ake rataye kilishi! Rana ta farko burodi da zaitun kawai muka ci don tsoro. Daga baya muka gano wainar ƙwai da dankali, da wata shinkafa rawaya mai jatan lande, a faranti kamar murfin tukunyar biki. Da safe kuma wani soyayyen ƙulli dogo, a tsoma a cakulan mai kauri."

"Sallah fa?"

"A Kordoba muka shiga wani tsohon masallaci, ginshiƙai ja da fari har ido ya gaji. Yanzu coci ne. Ɗan Zango ya ɗaga hannu zai yi addu'a, mai gadi ya taho da sauri, ni na ja masa riga. A Sebiya kuwa lemu a kan titi, Anti, a bishiya, ba mai tsinka. Ya tsinko ɗaya ya ɓare, ɗaci kamar maɗaci, muka yi ta dariya. Su fa ba sa barci. Lokacin da muke shimfiɗa a nan, su lokacin suke fitowa cin abinci, har da jarirai. Malam ya kai mu kallon rawa, wata mata tana dukan ƙasa da takalmi tana haɗe rai kamar an ci mata bashi, wani tsoho yana waƙa kamar kuka."

Na lura da yadda ɗan Zango ke fitowa a kowane gari, amma na ɗauka don ni take sako shi.

"Granada fa?" na ce.

"Da kyau. Sai dai hawa tudu, ƙafata har ta kumbura." Ta juya ta ɗauki jariri tana yi masa wasa.

Na raka ta matakala. "Saƙona fa?"

"Ki ba shi lokaci," ta ce, tana neman wani abu a jakarta.

Na ba shi. Ban koma aji ba don Anti ba ta gama wanka ba, kullum dai kunnena yana ƙofa. Wata rana Yaya ya dawo cin abincin rana yana dariya tun daga waje.

"Ɗan ajinku ya zo ofis yau, da babbar riga a wannan zafi."

 Na juya baya don kada ya ga fuskata.

"Yaron akwai ladabi. Ya ce ba shi da babba a ƙasar nan, ya roƙe ni in shige masa gaba ranar Juma'a mu je Al Quoz wurin kawun ƙawarki. Na ce ai abin gida ne. Ki goge min farar shaddar nan. Ke ce babbar ƙawa, sai ki fara shiri."

Anti ta yi 'yar guɗa ƙasa ƙasa don kada jariri ya tashi. Na zuba wa Yaya miya, na koma kicin na tsaya a gaban taswirar.

Washegari na ce zan je sayo kanwa, na hau bas zuwa Al Quoz. Na same ta a ɗan ofishin kawunta a cikin sito, fanka tana kaɗa takardu. Tana ganina ta miƙe.

"Kin faɗa masa?"

"Zauna mana, ma chérie."

"Kin faɗa masa ko ba ki faɗa ba?"

Ta ɗago. "Wata nawa kika bar shi a tsaye kamar mai jiran bas? A Sebiya ya zauna bakin kogi yana tambayata laifin me ya yi miki. Ni na ga idonsa, ba ke ba. Ke ba shi kike so ba, labarin kike so."

"Ni na aike ki."

"Ban ce masa komai ba. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Voilà."

Na dube ta, sanye da atamfar da Anti ta ɗinka mana tare. Na so in yi irin maganar da ake yi a wannan gaɓar a littattafaina, mai tsawo, mai sa mutum ya durƙusa.  Wani lebura ya leƙo yana tambayar mabuɗi, ta juya tana ba shi amsa da Larabci, na fita.

Aka je Juma'ar, aka dawo da goro da alawa, Yaya ya rarraba wa 'yan kasuwar layinmu. Da Anti ta yi arba'in na koma aji don jarrabawa. Ƙawata ta daina zuwa, wai tana shirin biki. Ranar ƙarshe na hau abra, sai ga shi ya diro a bayana ya zauna nesa kaɗan.

"Hajiya. Kin ɓuya."

"Jego muke yi."

"Na so a ce da bakinki na ji, amma ba komai, na yi miki murna. Yaushe ne naki bikin? Ɗan uwan naki zai zo nan ne, ko ke za ki koma Kano?"

"Wane ɗan uwa?"

"Wanda aka ba shi ke tun kina ƙarama. Ta gaya min a Granada, da na matsa mata. A wurin zakunan nan ma muke tsaye."

Injin yana ta ƙara. Wannan karon ban ja mayafi ba, na dube shi sosai.

"Ba ni da wani ɗan uwa. Abin da na aike ta da shi, ta ce maka na amince, ka zo ka gaida Yaya. A wurin zakunan na ce ta faɗa."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya cire hula ya mayar. Ya kalli ruwa, ya kalli jiragen katakon da ake wa lodin firji da tayoyi a bakin gaɓa. Ina jira. Ko a lokacin, Allah ya sani, ina jira ya miƙe ya ce wa mai abra ya juya.

"Chale," ya ce a hankali, yadda 'yan garinsu ke kiran aboki.  "An riga an raba goro. Yayanki ne ya tsaya min, kawunta ya buga waya Damagaram. In maganar nan ta fita, da wane ido zan kalli mutane? Don Allah, ƙanwata, ki bar ta a nan. Kada Yaya ya ji."

Ƙanwata. Bai taɓa kirana haka ba.

Abra ta daki katakon gaɓa, ya riga kowa tsallakawa, ya shige cikin masu turin kaya bai waiwayo ba. Na zauna har kowa ya sauka, sai da mai abra ya buga gefen jirgin ya ce, "Yalla, halas," wato a sauka an gama, sannan na tashi.

Yaya bai ji ba. Na dai ce masa a nemi wata babbar ƙawar. Ya yi faɗa, ya ce ban san zumunci ba, yarinyar da ta ɗauke ni kamar ciki ɗaya. Na bar shi ya gama. Ranar biki suka shirya shi da Anti suka tafi Al Quoz, ni na ce zan zauna da jariri. Na goya shi, na yi ta zagaya falo tsakanin kwalaye har ya yi barci.