Turaren da Hajiya Ba Ta Haɗa da Hannunta Ba

Har yau ranar da aka kira mu daga Abuja ba ta fita daga raina ba. Wata Laraba ce a cikin watan Rajab, ina zaune a tsakar gidan Hajiya Yagana a Koki, ina manna takardar suna a jikin kwalabe. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar muna sayar da turaren wuta iri biyu, kuna tsammanin haka abin yake tun asali. Ba haka ba ne.

Shekarata ta biyu ke nan a gidan. Na gama karatun harkar kasuwanci, aikin ofis bai samu ba, sai Hajiya, wadda ƙawar mahaifiyata ce, ta ce in zo in riƙe mata waya da masu saye. Mu biyar ne a ƙarƙashinta. Babbarmu ita ce Inna Lami, mai kula da murhu, wadda ba ta iya yin shiru ko da hayaƙi ya cika mata ido.

Ga wanda bai san sana'ar ba, turaren wuta ba a yin sa a yini ɗaya. Za a sayo itatuwan ƙamshi, irin su sandal da hawi da gabgab, a faskara su ƙanana, a wanke, a shanya a inuwa. A dafa sukari har ya yi danƙo, a zuba itacen a ciki ana juyawa. Duk wannan mu ke yi. Amma idan aka zo haɗi na ƙarshe, sai Hajiya ta sa a kai mata tukunya ɗakinta, ta rufo ƙofa. Tana da wasu 'yan kwalabe marasa suna, ita kaɗai ta san abin da ke ciki da yadda ake auna shi. Daga nan a rufe turaren a bar shi ya tsumu. Wannan haɗin a Borno ta koye shi wurin mahaifiyarta, Ya Kaltum, bisa alkawarin ba za ta koya wa kowa ba sai 'yar cikinta ko jikarta. Allah kuwa ya ba ta 'ya'ya maza zalla, jikarta ɗaya mace kuma ko yaye ba a yi mata ba.

Wadda ta kira, Hajiya Bilkisu ce, mai shagunan kayan mata a Abuja. Ta ce an ba ta turarenmu a wani biki, tana so a riƙa kai mata duk wata. Da ta faɗi yawan da take buƙata, sai na ga abin da muke yi a wata huɗu ne take nema a wata guda.

Kafin in ajiye waya Inna Lami ta rangaɗa guɗa. Tana da dalili. Sana'armu bikin aure take bi. Rajab da Sha'aban ba ma samun zama, bayan Salla ma haka, amma da damina ta kankama sai ciniki ya kwanta, Hajiya ta ce kowa ta zauna a gida sai an neme ta. Wani lokaci sai a yi makonni ba a nemi kowa ba. Ciniki na kowane wata yana nufin babu wadda za a sake cewa ta zauna a gida.

Hajiya dai ba ta yi murna ba. Ta dafa kafaɗarta ta dama, wadda dama take yi mata ciwo, ta ce, "Hannu ɗaya ne fa, Nafisa."

Washegari na zauna da ita na bayyana mata tsarin da na tanada: inda za mu riƙa saro itace da yawa, ƙarin murhu, ƙarin ma'aikata biyu, da motar da za ta riƙa ɗaukar kaya. Ta yarda da komai har muka zo kan haɗi. Na ce mata duk sana'ar da ta rataya a hannun mutum ɗaya ba ta girma, sai ta koya wa wata daga cikinmu.

Ta dube ni ta ce, "In na sadu da uwata gobe ƙiyama, me zan ce mata? Wata Hajiya ce ta kira daga Abuja?"

Inna Lami ta leƙo daga wurin murhu. "Hajiya, ni ki faɗa wa. Kin san kaina ba ya riƙe komai, kafin la'asar na manta. Kin ga alkawari bai karye ba ke nan."

"Ke da ko sirrin miyarki sai da unguwa ta ji?" in ji Hajiya. Aka yi dariya, amma maganar ta tsaya a nan. Hajiya ta ce in gaya wa matar Abuja ta yi haƙuri. Na roƙe ta ta ba ni zuwa ƙarshen mako.

Da yamma na hau a-daidaita-sahu zuwa gidanmu a Ƙofar Ruwa, zuciyata ba daɗi. Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta sunkuyo ta shinshina mayafina, ta yi murmushi ta ce, "'Yata, amarya ce?" Na ce a'a, wurin aiki ne. Ta ce, "To wannan ƙamshin na ɗakin amarya ne, ba na titi ba."

Maganar ta bi ni har gida. Gaskiya ta faɗa. Turaren Ya Kaltum ƙamshi ne mai nauyi, mai zama a labule da katifa kamar baƙon da ba ya gaggawar tafiya. Sai na tuna na tsara murhu da mota, amma ban tambayi wa zai ƙona turaren a Abuja ba, kuma a ina.

Da safe na kira Hajiya Bilkisu na tambaye ta. Ta ce yawancin masu sayenta ma'aikata ne, suna so su turara falo da mota da abaya kafin su fita. Na ce ko akwai wadda ta yi ƙorafi a kan wanda ta gwada musu? Ta ce wasu sun ce a ɗaki mai na'urar sanyi yana yi musu yawa, amma ita ingancinsa ne ya burge ta.

Da na kai wa Hajiya Yagana wannan magana ranta ya ɓaci. "Turaren uwata ne ya yi musu yawa? To su ƙona takarda mana!" Na bari ta huce, sannan na ce mata ai wannan sauƙi ne Allah ya kawo mana. Abin da suke nema ba shi ne abin da take tsarewa ba. Na Ya Kaltum ya zauna yadda yake, kaɗan, na amare, daga hannunta. Mu kuma mu haɗa wani sabo mai sauƙin ƙamshi, wanda kowacce cikinmu za ta san awonsa.

Ba ta amsa a ranar ba. Da ta amsa, da sharaɗi biyu ta zo: sabon ba zai ɗauki sunan mahaifiyarta ba, kuma babu kwalbar da za ta fita sai hancinta ya yarda.

Sharaɗin farko ya kusa raba mu da cinikin. Hajiya Bilkisu ta ce, "Malama Nafisa, ni fa sunan Ya Kaltum da ke jikin kwalbar nake saye." Na ce mata za a rubuta cewa daga gidan Hajiya Yagana ya fito, amma ba za mu kira shi abin da ba shi ba ne. Ta rage abin da ta nema zuwa rabi, ta ce gwaji ne, in masu saye ba su koma kansa ba za ta nemi wani wuri.

Watan Sha'aban kaf muka yi muna gwaji, ga aikin amare a gefe. Na farko da muka ɗora a garwashi, Inna Lami ta ce, "Wannan alawa ce, a kai wa yara." Na biyu kuma ƙamshinsa ya gudu kafin hayaƙin ya kai rufi. Hajiya takan zauna a kan tabarma da kasko a gabanta, hannuwanta a cinya. Na sha ganin yatsunta suna motsi kamar za ta tashi ta karɓi ludayin, sai ta danne. Iyakarta ta ce a rage ƙaron jawul, ko a ƙara wa sandal lokaci.

Ana saura 'yan kwanaki azumi muka buɗe wani da ya tsumu. Na zuba kaɗan a garwashi. Hayaƙin ya tashi siriri, ƙamshin mai sanyi, irin na ƙasa idan an yi yayyafin farko. Hajiya ta rufe ido. Har Inna Lami ta yi shiru.

Da ta buɗe ido ta ce, "Wannan ba na uwata ba ne." Sai ta ƙara, "Naku ne. Ku zuba a kwalba."

Kayan suka tafi Abuja cikin azumi. Hajiya Bilkisu ba ta taɓa komawa ga yawan da ta fara nema ba, amma ba ta daina saye ba, wasu shagunan kuma suka biyo bayanta. Daminar shekarar ba wadda aka ce ta zauna a gida.

Abin da na koya shi ne, a sana'o'in cikin gari irin namu kusan kowane mai sana'a yana da wani abu da ba zai bayar ba ko nawa aka taya, kuma ba taurin kai ba ne. Tsarin bunƙasa kasuwanci da ya fara da neman a fasa wannan abin ba ya zuwa ko'ina. Sai an fara sanin abin da mai sana'a ba za ta saki ba, a san abin da mai saye yake nema da gaske, sannan a duba filin da ya rage a tsakani. Sau da yawa yana da faɗi. Don haka ranar da kuka kawo wa Hajiya shawara ta ce a'a, kada ku tashi da fushi. Ku gyara zama ku tambaye ta dalili.