Ɗaurin Baba Sada

Duk wanda ya san garin Dandamisa ya san Baba Sada, manomin rake, wanda tunda ya zo duniya bai taɓa miƙa wa mai gyara ko sisi ba. Shi dai a ba shi tsohon tif na keke da reza. Ya tsaga shi siri-siri ya cusa a aljihu, shi ke nan ya gama shirin zaman duniya. Ƙotar fartanya, bututun injin ban ruwa, hannun buta, har tabaransa, duk roba. Babur ɗinsa kuwa, mu 'yan bakin titi mun yi ittifaƙin idan aka kwance robar jikinsa, hon kaɗai zai rage.

Kuma a faɗi gaskiya, ɗaurinsa na kamawa. Har daga Nasarawan Doya ana kawo masa aiki, kyauta yake yi, ladansa kawai a tsaya a yaba.

Bara ɗansa Usmanu, da ke aiki a Kaduna, ya sa aka jawo musu intanet gida don mahaifiyarsa Inna Hajo ta riƙa ganin jikokinta a waya. Wani ɗan faranti ne a kan dogon ƙarfe, waya ta sauko ta taga zuwa wata 'yar akwati mai ƙyafta koriyar wuta. Da ruwan farko ya zo da iska, wayar ta tsinke. Kafin ƙasa ta tsane Baba ya aro tsani ya ɗaure ta tamau. Akwati ta dube shi da jar wuta.

Usmanu ya kai ƙorafi kamfani, sannan ya kira gida da ƙa'idarsu: idan iska ce, gyara kyauta, idan wani ya sa hannu, mai gida zai biya.

"Baba, ka dai taɓa?"

Baba ya hau tari. Inna Hajo ta karɓi wayar ta ce, "Har tsani ya aro."

Ta roƙe shi ya kwance kafin su zo. Ya ce bai taɓa kwance ɗaurin kansa ba, ƙarya kuma ba zai yi ba. Aka daidaita a kan zai yi shiru kawai.

Bayan kwana uku ma'aikacin kamfanin ya iso daga Zariya, wani siririn saurayi, Huzaifa. Ya durƙusa aka gaisa har kan shanu, sannan ya hau tsani, mu kuma muna gefe muna kallo.

"Baba, ai an taɓa wayar nan."

Baba ya zuba wa kaji ido kamar yau ya fara ganinsu.

"Iska ce, ɗan nan," in ji Inna Hajo daga bakin ɗaki.

"Inna, iskar garinku har ƙulli take yi?" Ya yi dariya. Yaron kirki ne, so yake ya rufa musu asiri. "Ba komai, zan rubuta iska ce, yara suka zo suka yi wasa da ita. Da gani ma aikin yara ne, ɗaurin ko kamawa bai yi ba."

Baba ya miƙe a hankali.

"Malam," in ji Inna.

"Bari, Hajo. Kai yaro, ja shi."

Huzaifa ya ja. Ya sake ja da hannu biyu har tsani ya yi rawa.

"Zagaye goma sha ɗaya, ƙulli biyu. Nuna min yaron da zai yi wannan a ƙasar Makarfi."

"To Baba, idan kai ne, sai an biya fa."

"Na ji. Me ya hana ta aiki?"

"Akwai ƙananan wayoyi takwas a ciki, kowacce sai an haɗa ta da 'yar'uwarta."

"Wannan matsalar cikinta ce. Ni waje na ɗaure."

Huzaifa ya yi ta fama da ƙullin har gumi, ƙarshe sai yankewa ya yi. Ya sa sabuwar waya, wuta ta koma koriya, ya ciro takardar biyan kuɗi. Baba ya shige ɗaki ya daɗe, har muka ɗauka ta taga ya fice. Ya fito da kuɗin a dunƙule, amma bai saki ba.

"Me za ka rubuta a gurbin dalili?"

"Mai gida ya taɓa waya."

"Ƙara."

Inna Hajo ta ja tsaki ta koma kan tukunyarta. Huzaifa ya ɗora takardar a cinya ya rubuta: mai gida ya ɗaure waya, kuma ɗaurin ya kama. Sai da aka karanta wa Baba sau biyu, sannan ya buɗe hannu.