Ranar da aka kai ƙarar kakana gaban mahaifiyata

Shekarun baya can, lokacin tumbina bai riga ni shiga ɗaki ba, muna da majalisa a Unguwar Dosa. Benci biyu ne da kujera ɗaya mai jingina, kuma dokarmu ita ce wanda ya fi iya zuba labari shi ke hawanta. Shekara shida ina kai, har ta ɗauki siffata.

Sai abokina ya je kwas Amerika ya dawo. Ya ce ashe can ma suna da gwanayen zuƙi, suna da labaran wasu ƙattin mutanen da. Akwai wanda in ya share gumi sai tafki ya samu, in ya yi atishawa sai an sake zana taswira. Kafin in yi gyaran murya, an tashe ni an ɗora shi. Kwana uku ina benci, bayana na ciwo, zuciyata ta fi.

Rana ta huɗu na ce, "Malam na Amerika, ka san titin Kaduna zuwa Zariya? Kakana na Rigachikun ne ya ja kunya ɗaya da garmarsa kafin karin kumallo. Gwamnati kwalta kawai ta zuba."

Aka kwashe da dariya. Shi kuwa ya ce, "Nawa sun mutu ba shaida. Naka 'yarsa na raye. Ku tashi mu je wurin Hajiya."

Mahaifiyata ba ta wasa da ƙarya, kunnena na hagu shaida ne, har yau ya fi na dama tsawo.

Bayan la'asar muka same ta tana tsince wake. Suka durƙusa suka gaishe ta, abokina ya zayyana komai. Ba ta ko dube ni ba.

"Wannan? Ƙarya yake yi."

Na fara bankwana da kujera.

Sai ta ci gaba, "Baba bai taɓa riƙe garma ba. Wane maƙeri ne zai ƙera daidai hannunsa? Da farcen babban yatsa ya ja ta, yana neman inda ya yar da goronsa."

Wallahi har abokina sai da ya kwanta a ƙasa. Shi da kansa ya ce a mayar mini da kujerata.

Da suka fita na ce, "Hajiya, ashe haka kakan nawa yake?"

Ta ce, "Tela ne, ɗan guntu, talotalo ma tsoro yake ba shi. Amma ba a gabana wani Ba'amurke zai kayar mini da uba ba."

Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Na daɗe ina zaton wurin abokai na koyi wannan hali, ashe a nono na sha. Duk sanda na bi ta Rigachikun nakan rage gudu in dubi titin, in ce Baba tela, sannu da aiki.