Wandunan Atamfa na 'Yan Lise

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da nake aji uku, Baba ya rufe shagonsa na kasuwar Mont-Bouët, a nan Gabon, da rana tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi yi ba. Muka cusu cikin taksi ɗaya, ni a cinyar Inna, muka nufi lise, wato sakandaren unguwarmu ta Nzeng-Ayong, inda 'yan matan makarantar, har da Yaya Rabi, za su buga wasan ƙarshe na ƙwallon kwando. Baba ya ce shi ba kallo ya kai shi ba, sutura zai duba. In ya ga abin da bai yi masa ba, daga ranar Yaya Rabi ta gama ƙwallo.

A shago Yaya ta koyi jifa. Kantar Baba ta kai rufi, kuma ba mu da tsani, sai ta ɗauki turmin atamfa ta cilla shi sama da yatsu, ya je ya kwanta kan 'yan'uwansa. Wata rana Madam Ondo, mai horar da 'yan matan, ta zo sayen zane ta ga wannan jifa, ta manta da cinikin. Lokacin ƙungiyar ba ta taɓa cin komai ba, filinsu ma ruwa ke kwanciya a kai, sai sun share da tsintsiya kafin su fara.

Mu kuma a tsakar gida muka cire gindin tsohon bokiti, muka ƙusance shi jikin mangwaro. Da na dawo ɗibar ruwa a famfo na wanke kwanuka, sai mu hau jifa da ƙwallon leda, mu da 'ya'yan maƙwabta, ana ihu da Faransanci, Inna na faɗa da Hausa don muna zubar mata da barkonon da ta shanya.

Matsalar gajeren wando ce. Baba ya yarda da atisaye cikin dogon wando, amma a wasan kofi doka ta ce dole kayan kowa su zama iri ɗaya. Madam ta zo gida ta zauna kan tabarma, ta ji bayani, ta ce to, tunda Rabi ba za ta gajarta nata ba, sauran su tsawaita nasu. Baba ya ba da atamfa mai ruwan ɗorawa, Inna ta hau keke tana ɗinki, ni ina zura igiya a ƙugu.

Da suka fito fili, 'yan ɗayar makarantar suka fashe da dariya, wai 'yan biki sun ɓata hanya. Baba yana ta jan carbi kamar ba ya wurin. Daf da tashi ana kunnen doki, aka ture Yaya, aka ba ta jifa. Na rufe ido. Ihu na ji, na buɗe, sai ga Baba a tsaye hula a hannu, yana gaya wa wani ɗan Gabon da bai san shi ba, da Hausa tsantsa: "'Yata ce! A shagona ta koya!"

Daga wannan kofi suka yi ta ci shekara da shekaru, har aka yi musu fili mai rufi. Wasu sun tafi jami'a da ƙwallon, Yaya na cikinsu. Ni karatu bai yi nisa da ni ba. Amma har yau duk wasan ƙarshe da wandon atamfa suke fita, yaran yanzu ma ba su san dalili ba.

Yanzu ga 'yata Hafsatu, ko firamare ba ta gama ba, ta fara cilla mini albasa cikin kwando daga bakin ƙofa. Ni da ko titi za ta tsallaka sai gabana ya faɗi, ina tunanin karaya, ina tunanin taksi da mutanen hanya. An sare mangwaron nan, Baba ma ya rasu. Jiya dai na tsinci kaina ina cire gindin bokiti.