Agwagin Baba Kwalta

Baba Kwalta ake kiransa, don tun yana saurayi aikinsa ke nan: toshe jiragen masunta da tsumma da narkakkiyar kwalta a bakin fadama. Kowace shekara agwagin daji kan sauko daga arewa su yi hunturu a ruwan. In suka tashi a farkon bazara, shi ma sai ya kife tukunyar kwaltarsa, don ruwa ya ja baya, jirage sun hau tudu. Da agwagin yake sanin shekara ta juya.

Bana yanar ido ta rufe masa gani, matarsa kuma ta rasu tun damina. Autarsa, wadda ke aikin jinya a birni, ta zo ɗaukarsa.

"Bari agwagi su tashi tukuna," in ji shi. "Mutum ba ya barin baƙi a gida ya yi tafiya."

Auta ta yarda. Kullum da hantsi takan riƙe masa hannu har kan wani kifaffen jirgi, su zauna. Tana ganin zalɓe tsaye cikin taɓo, da guza na jan ciki zuwa ciyawa. Agwagwa kuwa ko ɗaya babu. Masunta sun ce mata 'yan kaɗan ne suka zo bana, kuma sun daɗe da tafiya. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da uban ke nunawa da sanda robobi ne da aka ɗaura wa raga don kada ta nutse.

"Ga su can, ko?"

"Ga su, Baba."

"Sun yi ƙiba?"

"Sun fi ka dai."

"Ja'ira. Ke da uwarki bakinku ɗaya."

Hutunta ya ƙare, aka yi ta kira daga asibiti, ita kuwa bakinta ya yi nauyi. In ta faɗa masa, ta raba shi da fadamar da hannunta. In ta yi shiru, robobi ba sa tashi.

Ranar da ta yi niyyar magana, shi ya riga ta. Ya daɗe da karkata kunne wajen ruwan.

"Auta, agwagwa ba ta iya rufe baki. Da can in suna nan, sai na ɗaga murya uwarki ke ji na. Idona ne ya mutu, kunnena yana nan."

"Tun yaushe ka sani, Baba?"

"Tun kafin ki zo."

Ya dafa kafaɗarta ya miƙe. A hanya ya sa ta tsaya bakin rumfarsa, ya lalubo tukunyar kwalta, ya kife ta.

"A can wajenku akwai ruwa kusa?"

"Akwai famfo," in ji ta.

Bai yi dariya ba. Suka wuce gida haɗa kaya.