Baba Ummaru, mai gadin Juma'a

Da safen nan ina buɗe shagon ɗinkina a Mafara, ƙanena ya kira daga gida, netwok na yankewa, abin da na iya ji kawai shi ne: Baba Ummaru ya cika.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, maƙwabcin gonarmu ne a ƙauyenmu, can wajen Bakura. Da mahaifinmu ya rasu, shi ke fara sako ruwa a fadamarmu kafin ya shayar da tasa shinkafar. Ban taɓa dawowa Mafara daga gida ba sai ya ɗaura min rake ko albasa a bayan babur, ko na ce a'a.

Tunda ɓarayin daji suka gane cewa ranar Juma'a maza duk suna masallaci, dattawan garinmu suka yanke shawara: duk Juma'a mutum ɗaya zai bar salla ya hau tudun bakin gari ya yi gadi. Ba bindiga, ba komai, sai wani guntun ƙarfe da aka rataye a jikin kuka. In ya hango ƙurar babura, ya buga.

Gida-gida ake juyawa. Amma duk wanda tsoro ya kama, ko mai ƙananan yara, wajen Baba Ummaru yake zuwa, shi kuma ba ya cewa a'a.

Har aka fara yi da shi. Wai ya jera Juma'o'i bai ga liman ba, wai ladarsa ta tafi.

Zuwana gida na ƙarshe, na same shi a kan tudun nan bayan an sauko, ya idar da azahar shi kaɗai a kan buhu. Na faɗa masa abin da ake cewa, don ni ma abin ya dame ni.

Ya ce, "Ɗana, ni ba ciniki nika yi da Allah ba. Shi ya san inda nike tsaye, kuma ya san mi as sa."

Na ce ni fa duk lokacin da zan bi hanyar Maradun sai na yi wa Allah alkawarin azumi in ya kai ni lafiya. Ya yi dariya har da tari.

"Kai ka mai da Ubangiji dillalin shanu! In kana jin tsoro, hwaɗa mai kana jin tsoro. Ni nan hira nika yi da shi har a sallame."

Na tambaye shi ko shi ma yana jin tsoron. Ya ce, "Ƙwarai kuwa."

Juma'ar da ta wuce ɓarayin suka zo, ana tsakiyar huɗuba. Baba Ummaru ke gadi, ya buga ƙarfen. Ƙanena ya ce bai daina bugawa ba har mata da yara suka shige cikin dawa, maza suka fito daga masallaci. Da ya gudu tun bugun farko, da ya tsira. A kan tudun suka harbe shi. Yana kwance asibiti tun ranar, jiya har an ce ya sha kunu, muka saki jiki.

Wallahi tsoro nake ji. Tun safe ko allura na kasa zurawa.

Juma'ar nan mai zuwa layin gidanmu ne. Ƙanena matarsa ta haihu, ba ta yi arba'in ba, ba zan bar shi ya hau ba. Wanda muke rugawa wajensa kuma yau za a kai shi makwancinsa. Na ce wa dattawa su sa sunana.

Ya Allah ka jiƙan Baba Ummaru, ka karɓe shi yadda ya saba da kai, ka yalwata kabarinsa, ka rufa wa iyalinsa asiri. Ka kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, kada a tsaya ga danna alamar kuka kawai. In kuma kun daidaita sahu ranar Juma'a, ku sa da ni, ina waje.