Zanen Fuskar Kakana

A gidanmu na Gure, da an yi magariba an ci tuwo, Kaka Falmata takan jawo tabarma kusa da murhu, mu kewaye ta. Ni nakan zauna daf da ita ina gyara itace, don tun ina ƙarami ba na iya ganin abu a karkace in ƙyale. Maigida take kirana, saboda sunan mijinta aka sa mini. Takan ce marigayin bai kai ni fitina ba.

Akwai tatsuniyar da take yawan yi mana, ta wata yarinya mai son tsabta da ta kama zabuwa. Ta ga ɗigo-ɗigon fari a jikinta, ta ɗauka toka ce, ta yi ta dirza har zabuwa ta koma baƙa wuluk. Da ta sake ta, 'yan'uwanta suka bi ta da sara, suka kore ta. Yarinya ta kwaɓa farar ƙasa za ta mayar mata, amma ta manta inda kowane ɗigo yake. Mu dariya muke yi. Kaka kuwa sai ta tura garwashi ta ce mu tashi.

Hoton kakana ɗaya ne a duniya, ɗan ƙarami, a cikin kwallarta. Ya dushe, duk ya ƙarje. Duk ranar da ta fito da shi sai abin ya dame ni. Shekarar da na bar lakwal, wato makarantar boko, na fara bin motar kaya zuwa Damagaram, na ɗauke shi ba ta sani ba, na kai wa wani mai hoto, baƙo a garin, ya gyara shi. Ya ce bari ya fara ɗaukar wani daga jikinsa kafin ya taɓa. Na ce mota ba za ta jira ba. Ya sa ɗan burushi da tawada, ni kuma ina tsaye a kansa ina nuna masa, ga wani tabo nan, ga wani can. Zanen ƙabilarmu ta Manga da ke kumatun kakana ya gauraye da ƙarzuwar takarda. Duka muka shafe.

Da yamma na miƙa mata a gaban kowa. Ta kara shi da hasken wuta, ta daɗe tana dubawa.

"Maigida, wannan ɗan waye?"

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta mayar da shi kwalla, ba ta ƙara fito da shi ba har ta rasu.

Yau ɗan ƙanena yana gyaran tsofaffin finafinai a kwamfuta. Ya nuna mini yadda yake cire ƙura, in bai yi masa ba ya danna wuri ɗaya, komai ya dawo yadda yake. Na kai masa hoton. Ya ce wannan ba shi da abin da za a koma wa, amma in na faɗa masa layi nawa ne da inda suke, zai zana.

Na tambayi gwaggonnina biyu da suka rage. Ɗaya ta ce shida, ɗaya ta ce takwas.